Aron Bisimilla

Cikin abubuwan da suka same ni a zaman duniya akwai guda ɗaya da ba na jin zai bar raina har ranar da za a mayar da ni ƙasa. Ya faru ne a shekarar da kogin Nilu ya yi cikar da tsofaffinmu suka ce ko iyayensu ba su ba su labarin irinta ba. Wanda yake Khartum ko Umdurman a wannan damina ba sai an tuna masa ba. Ruwa ya haye gonakin bakin kogi ya shiga unguwanni, manya da yara suka koma cika buhuna da yashi. A Aljirif, inda ake buga tubali, duk wanda ba a riga an gasa ba ya narke ya koma lakar da aka ɗebo shi. Cikin gidajen da suka zauna ƙasa a can har da na taubashina.

Ɗan kawuna ne, mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya, saboda haka tun muna yawo ba wando babu abin da ke tsakanina da shi sai tsiya. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, ya sauke farali, a hanyar komawa Umdurman ta riƙe masa riga bai ƙara gaba ba. A gidansa muka tashi mu biyu, tabarma ɗaya, akushi ɗaya, makarantar allo ɗaya, wadda a nan ake ce wa halwa. Shi bahago ne, kuma babu dabarar da manya ba su gwada ba don su juya shi. Ya yarda ya ci abinci da dama, ya yi musabaha da dama, amma da zarar aiki ya taso hagunsa ya riga tunaninsa fita. Bahago nake kiransa har yau da furfura ta cika mana gemu. Shi kuma Faki yake ce mini, yadda mutanen nan ke kiran malami, ba don girmamawa ba. A cewarsa idan na fara naɗa rawani da hantsi, azahar za ta same ni ban kai jelarsa ba.

Nawar tawa tana da asali. Malamin da ya koya mana ajami a halwa, Allah ya jiƙansa, yana da doka guda da ba ya ɗagawa: idan ka tsoma alƙalami a tawada, ba ka ɗora shi a kan allo sai ka yi bisimilla cikakkiya, a natse, tun daga ba ɗin farko har mim ɗin ƙarshe. Ya ce amfanin biyu ne. Ka ambaci Ubangijinka, kuma kafin ka gama ɗigon da ke bakin alƙalamin ya zauna, ba zai ɓata maka harafin farko ba. Abin ya bi jikina har ya zama ko ƙofa zan buɗe sai na dakata na yi ta. Bahago ma yana yi, ban ce ba ya yi ba, sai dai tasa kamar walƙiya take, kafin ka ji farkonta ya kai ƙarshe. Allonsa kullum da tabon tawada a layin farko.

Da muka girma na yi shekaru ina gyaran agogo a wani lungu na Kasuwar Umdurman, har waya ta shiga aljihun kowa aka daina ɗaura agogo. Daga nan Allah ya haɗa mu aiki a wata 'yar ƙaramar masana'anta a Khartum, inda ake harhaɗa makunnin lantarki, irin wanda ake kafawa a bango. Kullum da safe sai in haye gada daga Umdurman, shi ya taho daga Aljirif, mu haɗu a teburi ɗaya. Aikinmu ba ya son ƙarfi, ido yake so da haƙuri. Bel yana jawo faranti mai jere da gidajen makunni ya tsaya a gabanmu, mu ɗauki wani ɗan ƙarfen tagulla da bai fi ƙwayar alkama ba da hantsaki, mu zaunar da shi a raminsa. Idan ya karkace ko da kaurin gashi ne, makunnin zai kama yau ya ƙi gobe.

Ruwa bai gama janyewa ba aka kawo mana hannun ƙarfe a masana'antar. Mai masana'antar, wani Alhaji dogo wanda ganin bel a tsaye ke ɗaga masa hankali, ya daɗe yana cewa ya yi odar na'ura mai aiki kamar mutum. Mu kuwa mun zaci ƙaton mutum-mutumi za a shigo da shi, mai kai da ƙafafu. Da aka fasa akwatin sai ga hannu kaɗai, fari fat, tsawonsa bai wuce daga kafaɗata zuwa yatsuna ba, da gaɓoɓi masu juyawa ta ko'ina da 'yan yatsu biyu a bakinsa. Wani abokin aikinmu mutumin unguwar Mayo ya leƙa cikin akwatin ya ga babu saura, ya ce ashe kuɗin Alhaji iya hannu suka kai, sauran jikin sai baɗi.

Wadda ta zo kafa shi wata yarinya ce injiniya, mai ƙarancin magana, kowa yana ce mata Bashmuhandisa kamar yadda ake kiran injiniyoyi a nan. A daman teburinmu akwai ginshiƙi, don haka dole ta ɗaure hannun da ƙusoshi ta gefen hagu. Nan fa musu ya tashi wajen karin kumallo, ana tsoma burodi a kwanon wake ana gardama: hannun dama ne ko na hagu? Wani dattijo mai gadi ya ce shi dai ba zai karɓi komai daga gare shi ba sai an tabbatar masa. Bahago ya zagaya na'urar, ya dafa ta kamar mai gaida baƙo, ya ce alhamdu lillahi, yau dai danginsu sun iso.

Dariyar ba ta daɗe ba. Alhaji ya kira mu biyu ya faɗa mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Hannun zai yi aikin mutum biyu, kuma mutum ɗaya yake bukata, wanda zai riƙa zuba masa kaya yana sake koya masa duk lokacin da aka canja samfuri. Ɗayan za a sallame shi da haƙƙinsa. Kowannenmu zai koya wa hannun aikin da kansa, wanda koyarwarsa ta fi kyau shi zai zauna. A lokacin ina da 'yan mata a makaranta, idona kuma ya fara neman tabarau, ba na jin wata masana'anta za ta ɗauke ni. Bahago kuwa iyalinsa suna ƙarƙashin tamfol a tsakar gidan surukansa, abin da suka fitar daga ruwa bai cika amalanke ba. Muka fito daga ofishin muna tsokanar juna kamar kullum. Taubasai suna iya faɗa wa juna komai, ban da abin da ke ciwo.

Yadda ake koya masa shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Akwai wani maɓalli a wuyan hannun, idan ka danna sai ya saki jiki kamar hannun yaron da barci ya kwashe. Sai ka kama shi ka bi da shi hanyar aikin, ka kai shi ya ɗauki ƙarfen, ka kai shi ya ajiye, tun daga ramin farko har na ƙarshe. Idan ka sake shi, zai maimaita abin da ka yi ba ragi ba ƙari. Bashmuhandisa ta gargaɗe mu cewa wannan irin ba shi da ido, ba shi kuma da hankali, hadda kawai ya iya. Inda ka yi sauri zai yi sauri, inda ka yi jinkiri zai yi jinkiri. Na ce a raina ai mun san irinsa a halwa.

Ni aka fara kira. Na sabunta alwala, na naɗe hannun riga, na kama shi. Tun a nan na ga matsala, domin ni da dama nake aiki shi kuma ta hagu yake fitowa, sai na zama kamar mai yi wa kansa aski ta madubi. Na bi da shi ta wata doguwar hanya mai kewaye, amma na kai shi kowane rami daidai. Da na gama Bashmuhandisa ta tayar da bel, ma'aikata suka taru suna kallo. Faranti ya iso. Hannun ya ɗaga, ya ɗauki ƙarfen, ya zo daidai kan ramin farko, sai ya tsaya cak, bakinsa a sunkuye. Alhaji ya dubi injiniyar, ita ta dubi allon na'urar. Har wani ya miƙa hannu zai taɓa shi, sai ya sauka a hankali ya ci gaba da aiki. Faranti na biyu ya zo, ya sake tsayawa a wuri guda. Can daga baya sai na ji muryar Bahago.

"Kada wanda ya dame shi. Bisimilla yake yi."

Ban san na yi ta ba wallahi. Sabo ne kawai, sabon faranti ya zo, na dakata kamar yadda na saba, hannun kuma ya haddace har dakatawar. Ɗakin ya kaure da dariya, mai gadi ya ce to yanzu ya yarda zai karɓi abu daga gare shi ko da na hagu ne. Kafin a tashi aiki an riga an raɗa wa hannun suna Ƙaramin Faki. Na yi ta cewa a nemi gafarar Allah, ƙarfe ba ya bisimilla, amma ba zan ɓoye ba, raina ya yi fari. Da aka kai farantan wurin matan da ke gwada makunni ba a samu ko ɗaya mai aibu ba. Sai dai duk tsawon lokacin Alhaji yana duban agogonsa, agogon da ni na gyara masa, kuma na san ba ya ƙarya.

Da Bahago ya kama hannun sai ka ce 'yan uwa ne da suka daɗe ba su haɗu ba. Hagu ta gamu da hagu. Babu kewaye, babu lanƙwasa, ya ɗauka ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye. Da aka saki na'urar sai ta riƙa aiki kamar kaza tana tsintar hatsi, ta gama faranti biyu kafin koyarwata ta gama ɗaya. Alhaji ya yi murmushin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na ce a raina shi ke nan, Kasuwar Umdurman ga ɗanki nan dawowa. Amma da farantan suka je wurin gwaji sai aka fara dawo da makunni, kowane faranti da nasa marasa kamawa. Murmushin ya koma inda ya fito. Alhaji ya ce gara mai nawa da mai ɓarna. Ya ba Bahago dama ɗaya, washegari da safe. Idan aka sake samun ɓarna, ni zan zauna.

Bashmuhandisa ce ta gano dalilin. Ta jera makunnan da suka ƙi ta ga dukansu na ramukan farko ne. Ta sa mu muka ɗora yatsa a gefen faranti lokacin da bel ya tsaya, sai muka ji yana ɗan rawa kafin ya natsu. Ta ce idon mutum yana bin wannan rawar ba tare da ya sani ba, shi kuwa hannun makaho ne, inda aka nuna masa nan zai sauka ko ramin ya gusa. Tsayawar da aka yi ta yi wa dariya ita ce ke ba farantin lokacin zama. Ni da Bahago muka dubi juna, kuma na san abin da ya tuna shi na tuna: tabon tawada a layin farko.

Bahago ya roƙe ta ta rubuta wa na'urar tsayawar da kanta. Ta ce abu ne mai sauƙi, amma Alhaji ya ce kowa da hannunsa, ita kuma ba za ta sa nata a cikin jarrabawar mutum biyu ba. Ta dai bar shi ya yi ta gwadawa har aka tashi. Ina gefe ina kallo. Ya gwada ƙirge, ya gwada riƙe numfashi, ya gwada cije leɓe. Da faranti ya tsaya sai hannun hagun nan ya zabura, domin tun da aka haife shi bai taɓa jiran izini ba. In ma ya daure ya tsaya, tsayawar ba ta kai ba.

Bayan la'asar muka zauna wurin mai shayi a gindin dalbejiya, inda muke rabuwa kullum kowa ya nemi motarsa. Ya yi ta juya cokali a kofi har bayan sukarin ya narke.

"Faki, aro zan yi."

Na ce idan kuɗi ne ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a ciki.

"Bisimillarka nake so. Gobe ka tsaya a bayana ka yi ta a fili, yadda kake janta ɗin nan. Ni kuma ba zan motsa ba sai na ji mim."

Na dube shi in ga ko tsokana ce. Idonsa yana cikin kofi.

"Kai ba ka da taka ne?"

"Ina da ita. Gajera ce, ba ta kai."

"Alhaji ya ce kowa da hannunsa."

"Hannu ya ce. Bai ce baki ba."

Na tambaye shi ko ya san abin da yake roƙo. Ya ce ya sani, kuma idan na ce a'a ba zai riƙe ni ba, ko shi ne a matsayina bai san abin da zai ce ba. Ya biya kuɗin shayin, abin da bai taɓa yi ba in ina wurin, ya tashi.

A kan gada ina duban ruwan nan ja da ya ci gidansa, ina neman hujja. Ba zan ce ni waliyyi ne ba, aikin nan ina sonsa, kuma ba da zamba na same shi ba. Na faɗa wa mai ɗakina, ta ce bisimilla ba ta ƙarewa amma garin kisra, gurasar da muke ci kullum, yana ƙarewa, ta ci gaba da shara. Na bi duk karatun da na yi a gaban malam ina laluben inda aka halatta wa mutum ya hana. Abin da na tuna shi ne ko gishiri ko allura ko garwashi maƙwabci ya zo ara, hanawa abin zargi ne. To ina ga sunan Allah? Ba nawa ba ne balle in ce ya ƙare. Na yi ta juya maganar ta kowace fuska kamar agogon da ya ƙi tashi, ban samu bakin da zan ce babu da shi ba.

Da safe Bahago bai dube ni ba, bai ma tsokane ni ba, ya je ya kama hannun. Na taso na tsaya a bayansa. Alhaji ya tambayi me nake yi a nan, na ce addu'a zan taya ɗan uwana. Ya ƙyale ni, don ba a san Alhajin da zai hana addu'a a gaban jama'a ba. Bashmuhandisa ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, amma na ga kafaɗunta suna motsi. Bel ya jawo faranti, ya tsaya. Na ga jijiyar hannun Bahago ta miƙe. Na fara, a fili, da irin jan da malam ke yi. Kuma tun da aro ne ba kyauta ba, kuma tun da taubashina ne, na ƙara mata ɗan tsawo kaɗan don in ga gumi ya tsattsafo masa a ƙeya. Ya tsaya kamar an dasa shi har na rufe baki a kan mim, sannan hagun ta sauka. Da ya gama faranti ya saki maɓallin, ya ce mini ƙasa-ƙasa shi bisimilla ya ara ba tarawihi ba.

Aka tayar da na'urar. Ta ɗauka, ta zo kan ramin farko, ta sunkuya ta tsaya irin tawa, sannan ta zuba da gudu irin nasa. Farantai suka tafi wurin gwaji, babu wanda ya dawo. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Mutumin Mayo ne kawai ya ce wannan na'ura ta yi sa'ar iyaye, ladabin Faki da zafin naman Bahago.

Alhaji ya sallame ni da mutunci, ya ba ni haƙƙina har da ɗan ƙari. Na tambayi Bashmuhandisa ko za ta rage tsayawar yanzu da jarrabawa ta wuce. Ta ce ta auna, abin da za a iya ragewa bai taka kara ya karya ba, za ta bar ta yadda take. Bahago ya rako ni har bakin ƙofa yana riƙe da jakata, muka tsaya kowa yana duban wani wuri.

"Aro ne fa, Faki. Zan biya."

"Da me ake biyan bisimilla?"

"Ka bar wa bahago wannan. Ba mu rasa hanya ta baya."

Na koma lunguna a kasuwa. Agogo ya yi ƙaranci, na haɗa da gyaran cajar waya da tocila, wani watan a ci da miya wani watan a ci haka nan. Ba zan ce ban taɓa kwana ina tunanin teburin nan ba. Amma na samu abin da ya fi albashi daɗi a wurin taubashi, wato bashi a kansa. Duk inda muka haɗu, suna ko ɗaurin aure ko gaisuwar Sallah, sai na bari jama'a sun taru in ce, "Bahago, ina kayana?" Shi kuma ya ce Ƙaramin Faki yana can yana yi mini ita tun safe har yamma, lada tana ta taruwa, me kuma nake nema. In ce masa lada daban, uwar kuɗi daban. Da albashin aikin ya sayi fili can arewacin Umdurman, kan tudu mai duwatsu, don ya rantse ba zai sake kwana inda zai ji kukan kwaɗi ba. Ya yi ta gini ɗaki bayan ɗaki. Na je gani sau ɗaya na ce masa ya yi gida a inda ko jaki sai ya yi tambaya kafin ya iso.

Sai yaƙin nan ya zo cikin azumi, wanda ba sai na ba kowa labarinsa ba. Gadoji suka rufu, masana'anta ta tsaya, kasuwar da na girma a cikinta ta zama wurin da ba a bi. Unguwarmu tana jikin kasuwa. Muka daure iya daurewa, har ruwan famfo ya ɗauke, maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya na kulle ƙofa, na yi mata bisimillar da ban san ko zan sake buɗe ta ba, muka kama hanyar arewa ni da mai ɗakina da 'yan matan, wani wuri a ƙafa wani wuri a amalanken jaki. Jakin kuwa sai da aka yi masa tambaya. Ba mu iso ba sai bayan azahar, rana tana dukan duwatsu, kowa da ƙullinsa a ka. Ban aika masa ba, babu waya. Ina tsaye a ƙofar gidan ina jin nauyin da dattijo ke ji idan ya zo wa wani da iyali hannu wofi, a lokacin da shi ma mai gidan ba shi da aiki.

Bahago mutum ne da Hausarsa ta sha faci da Larabci. Ko shayi zai miƙo maka, "itfaddal" yake cewa kamar 'yan gari, ban taɓa jin ya yi wa baƙo bisimilla irin ta kakanninmu ba. Ya buɗe ƙofar da hagu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ƙullin da ke kanmu. Ya riƙe ƙofar, ya gyara tsayuwa, ya fara bisimilla a fili, a natse, da jan malam, tun daga ba ɗin farko. Ya ja ta, ya ja ta, har da ɗan ƙarin nan da na yi masa, mu kuwa muna tsaye cikin rana gumi yana bin ƙeyata. Sai da ya rufe baki a kan mim sannan ya matsa gefe.

"Ku shigo. Faki, duba da kyau, ta cika ko da saura?"

Wannan karon ban ba shi amsar taubashi ba. Na ce ta cika.

Mun yi watanni a ɗakin da ya gina da albashin teburin nan, ana raba abin da aka samu a akushi ɗaya kamar a gidan kaka. Hannun kuwa ba mu san inda ya ƙare ba, an ce an kwashe komai na masana'antar har ƙusoshi. Bahago ya ce shi bai damu ba. Duk wanda ya ɗauke shi bai yi bisimilla ba, amma ranar da ya haɗa masa wuta zai ga na'ura ta tsaya ta yi abin da shi ya kasa.

Abin da na koya shi ne wanda malam ya faɗa mana tun muna yara, ni kuma na zaci maganar tawada kawai yake yi. Abin da ka bayar da sunan Allah ba ya ɓata, yana zuwa ya zauna ne a wani wuri ya jira ranar da za ka fi bukatarsa. Ni a ranar gwajin na ɗauka aiki na rasa, ashe ɗaki ake gina mini a kan tudu. Tun daga wannan azahar ban sake tambayar Bahago kayana ba. Shi ne ma yanzu, idan jama'a sun taru, yake cewa ya biya ni har da ƙari, wai in dawo masa da canji.